Tsadar Gidaje a Kanada: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A zaman ƙungiyarmu ta 'yan jarida na makon jiya, wani ɗan aji shida ya ce shi da ya ajiye biron jarrabawar ƙarshe, Kanada ya nufa. Aka yi ta dariya, amma mun san ba shi kaɗai ke da wannan buri a makarantar nan ba. Shi ya sa muka ce bari mu leƙa mu ga abin da 'yan Kanada su kansu suke kuka da shi a 'yan shekarun nan. Babban kukansu wurin kwana ne.

A biranen Toronto da Vancouver, hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya ta haura dalar Kanada 2,000 a wata. Matashi yana da aiki, yana da albashi, amma sayen gida ya gagare shi. Wasu in sun biya haya ba abin da ke raguwa na cefane. A watan Maris na 2024 kaɗai, sau fiye da miliyan biyu mutane suka je wuraren rabon abinci kyauta a faɗin ƙasar.

Da rai ya ɓaci, sai aka fara neman mai laifi. A 2023 yawan jama'ar Kanada ya kai miliyan 40, kuma a shekarar nan kaɗai an samu ƙarin mutum fiye da miliyan ɗaya, kusan dukkansu baƙi. Ɗalibai 'yan ƙasashen waje sun haura miliyan ɗaya. Indiyawa ne suka fi yawa, 'yan Najeriya kuma suna cikin sahun gaba. Sai yatsa ya nuna su. A watan Janairu na 2024 ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya sanar da rage sababbin takardun izinin karatu da kusan kashi 35 cikin ɗari. A watan Oktoba gwamnatin Justin Trudeau ta rage adadin waɗanda za a ba izinin zama na dindindin a 2025 daga 500,000 zuwa 395,000.

Mu a ganinmu, an bar jaki ana dukan taiki.

Wa ya kira ɗaliban nan? A lardin Ontario, gwamnatin Doug Ford ta rage kuɗin makarantar 'yan ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a 2019, ta kuma hana a ƙara shi, alhali tallafin da take ba kwalejoji bai isa ba. Makarantu suka rasa inda za su sa kansu, sai suka juya ga baƙi, domin a jami'a baƙo kan biya kusan ninki biyar na abin da ɗan ƙasa ke biya. Aka baza dillalai ƙasashe suna tallar gurbin karatu. Gwamnatin tarayya ta buga biza. Aka karɓi kuɗin yaran nan, wanda wasu iyaye sai da suka sayar da gona ko fili suka haɗa, amma makarantu da yawa ba su gina ɗakunan kwanan da za su ɗauke su ba. Ƙarshenta sai ka ji ɗalibai shida ko takwas sun cunkushe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wani. Mu da muke kwana a makaranta mun san yadda ɗaki ke zama idan an ɗebi ɗalibai fiye da gadaje, kuma ba mu taɓa jin an ɗora wa 'yan aji ɗaya laifin hakan ba.

Sannan ƙarancin gidajen ya girmi zuwan ɗaliban. Tun 1993 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga gina sababbin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Dokokin birane kuma sun daɗe suna hana gina komai a unguwanni da yawa in ban da gidan iyali ɗaya. Sai a 2023 Toronto ta yarda a raba fili ɗaya zuwa gidaje huɗu a ko'ina cikin birnin. Hukumar gidaje ta ƙasar ta lissafa cewa ana buƙatar ƙarin gidaje miliyan 3.5 kafin 2030, a kan waɗanda dama za a gina, in ana so farashi ya dawo daidai aljihun mutane.

Ba za mu ɓoye ba, masu goyon bayan ragin suna da hujja. Mutum miliyan ɗaya a shekara guda nauyi ne, kuma bayan an rage baƙi kuɗin haya ya ɗan sauka a manyan birane. Ɗan Kanada da ke tsoron a kore shi daga gidan haya yana da haƙƙin ya yi ƙorafi, ba kuma ƙin baƙi ba ne don ya yi. Sai dai ragin ya tona wani asiri: da kuɗin baƙi ya ja baya, kwalejoji da dama a Ontario sun rufe kwasa-kwasai, sun sallami ma'aikata. Ashe taikin da ake duka shi ke ciyar da gidan.

Firayim Minista Mark Carney, wanda ya gaji Trudeau a 2025, ya yi alkawarin kai ginin gidaje kusan 500,000 a shekara, wato ninki biyu na abin da ake ginawa. A kan wannan ya kamata 'yan Kanada su riƙe shi.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na aji shida, mun gaya masa cewa tun farkon 2024 kuɗin da ɗalibi zai nuna yana da shi na ci da sha da haya ya tashi daga dala 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, kuma an sake ƙarawa daga baya. Ya ari kwalkuleta ya buga da naira. Har muka tashi bai ce komai ba.