Filin Lafiya: Kumburin wuyan da ke zuwa da kuka

Akwai wani kumburi da kan fito a wuyan yaro sa'ad da yake kuka, ko tari, ko yunƙurin bayan gida. Da zarar ya yi shiru sai abin ya ɓace kamar ba a taɓa ganinsa ba. Wannan zuwa da komawa shi ke rikita iyaye: wasu su ce maƙoƙo ne, wasu su ce iska ce, kakanni kuwa su aika a kira wanzami.

Likitoci suna kiransa flebektazi. Babbar jijiyar da ke mayar da jini daga kai zuwa zuciya ce take buɗewa fiye da kima a wuri guda. Idan yaro ya yunƙura, matsin da ke cikin ƙirji yakan tare jinin, sai jijiyar ta cika kamar salka. Ya fi samun yara maza, kuma ya fi fitowa a dama, domin hanyar jinin wannan gefen ta fi gajarta da miƙewa zuwa zuciya. Abu ne da ba kasafai ake gani ba, har ma'aikacin lafiya kan yi shekaru bai gamu da shi ba.

Maƙoƙo yana nan dare da rana, yana hawa sama in an haɗiyi miyau. Kaluluwa tana da tauri, sau da yawa da zafi. Wannan kuwa taushi gare shi, ba ya ciwo, yana lotsawa in an danna. Abin da ke yanke shakka shi ne ekografi, wadda ake yi a manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa. Likita yakan auna faɗin jijiyar yaro yana kwance, sa'an nan ya sa shi ya toshe hanci da baki ya hura, ya sake aunawa. Dabarar hurawar nan ta Balsalba ce, likitan Italiya da ya bayyana ta a 1704.

Yawanci ba a ba da magani, sai dai a riƙa komawa ana dubawa. Aikin fiɗa sai in jini ya daskare a ciki, ko ciwo ya taso, ko munin kumburin ya dami mai shi. Ga iyayen da suka biya kuɗin mota tun daga ƙauye, a ce musu "ku koma gida" yana da wuyar haɗiya, kuma likitan da bai zauna ya fahimtar da su ba ya tura su ne wurin mai aska.

Can ne haɗarin yake. Wanzamin da ya ɗauki kumburin a kan ƙurji ya yi masa sakiya ko tsaga, babbar jijiya ya huda. Jini zai zuba da ƙarfin da tsumma ba ya tsayarwa, iska ma tana iya shiga ta ramin ta tafi zuciya, yaron ya cika kafin a kai shi gidan likita.