Daga Bakin Rumfa: Ƙyale-su ya ƙi cin abinci

 Yau maganar kare zan yi. Na san wani zai taɓe baki ya ce, Alhaji kuma, an rasa abin tattaunawa sai kare? A yi haƙuri a ji. Da yawa daga cikinmu a Akra da Kumasi da Lome da Kwatano muna da sito ko filin ajiye mota, kuma mun ajiye kare don gadi. Malamai sun yi mana bayani cewa ajiye shi don tsaron dukiya da dabbobi ba laifi ba ne. Amma duk ran da ka ɗaure a ƙofarka, cinsa da shansa sun hau wuyanka. Ni na yi sakaci da wannan, na kuma biya kuɗin sakacin.

A shekarar 2021, da aka tashe mu 'yan albasa daga Agbogbloshie aka mai da mu Adjen Kotoku, na kama hayar wani fili mai katanga a wajen Amasaman, inda nake sauke kaya idan mota ta iso daga Galmi da dare. Wurin a lokacin shiru ne, gidaje jefi-jefi. Sau biyu ana haura mana katanga. Baba mai gadi, dattijo ne ɗan garinmu, ya ce shi kam idonsa biyu ne kawai, a samo masa mataimaki. Na sayi kare a hannun wani mai kiwonsu, ruwa biyu ne, uwarsa irin ta Jamus. Baba ya raɗa masa suna Ƙyale-su.

Wanda ya sayar mini da shi ya haɗo ni da rabin buhun abincin nan nasu busasshe mai kama da ƙwayar gurjiya. Kare yana ci lafiya lau. Da ya ƙare, na tambayi kuɗin sabon buhu, na ji abin ya yi mini nauyi. Sai na ga ana auna irinsa da olonka a wani shago, an zazzage shi a buɗaɗɗen buhu, ba suna ba takarda. Na ce ai duk ɗaya ne. Na auno. Ƙyale-su ya sunsuna, ya dube ni, ya koma inuwa ya kwanta.

Daga nan tausayi ya shigo. Baba ya fara raba masa wace ɗinsa, da miya da shito da komai. Yaran mota in sun sayi cicinga sai su jefa masa, har da albasar da aka yanka a kai. Wata biyu ba a yi ba, kare ya zama ɗan sarauta: in ba nama ba, ba ya ko ɗaga kai. Na ce tsirfa ce, bari in yi maganinta da kuɗi. Na je babban kanti na sayo buhu mai tsada, mai hoton kare yana gudu a kan ciyawa. Nan ma ya ƙi. Na zage shi, na zagi kaina, na bar zancen.

Abin da ban lura da shi ba shi ne kare ya daina haushi. Wata Asabar da asuba Baba ya kira ni murya na rawa: “Alhaji, an kwance batir biyu na motar, an ɗauki buhu huɗu.” Na ce ina Ƙyale-su? Ya ce yana nan kwance, ko tashi bai yi ba. Da na iso na tarar da shi yana haki, haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa daga nesa, fitsarinsa ja kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Likitar dabbobin da muka kai wa, abu na farko da ta yi shi ne ɗaga leɓensa. Dasashin fari fat, maimakon ja-ja. Ta ce jininsa ya yi ƙasa sosai. Gwaji ya nuna cutar da kaska ke sawa, wadda ke kashe sha'awar abinci tana cinye jini. Sai ta tambaye ni me yake ci, da kuma sana'ata. Da na ce albasa nake sayarwa, ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce, “Alhaji, ka san albasa guba ce ga kare?” Wallahi shekara talatin ina harkar albasa, ranar na fara ji. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Ga kare mai kilo 30, giram 150, wato babbar albasa guda, ta isa ta yi ɓarna, kuma kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Alamar ba ta fitowa ranar da ya ci, sai bayan kwanaki. Ashe kaska na ci ta gefe guda, mu kuma muna ƙarasawa da tausayinmu.

To wannan shi ne darasi na farko, kuma shi ya fi kowanne: kafin ka ce karenka mai tsirfa ne, tabbatar ba mai ciwo ba ne. Ɗaga leɓensa ka duba launin dasashi. Duba haƙori ko akwai karyayye ko ƙashi ya maƙale. Shafa kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu ka nemi kaska. Tuna yaushe rabonsa da maganin tsutsar ciki. Babban kare da ya kwana biyu bai ci komai ba, ko yana amai ko zawo, na likita ne. Kwikwiyo kuwa ko kwana ɗaya kada a jira. Mai tsirfa na gaskiya za ka gan shi garau, yana tsalle yana haushi, abincin ne kawai yake rainawa.

Bayan ya warke, na koma wurin likitar da buhunan biyu, na ce ta koya mini yadda ake ganewa. Mu da muke gane albasar Galmi daga ta wani wuri da ido ɗaya, ashe a wannan fanni makafi ne. Ga abin da na riƙe.

Ka bar gaban buhu, can talla ce. Juya bayansa. Abu na farko, nemi inda aka rubuta cewa cikakken abinci ne. A buhun Turanci za ka ga kalmar complete, a ƙasashen Faransanci kuma aliment complet. In ka ga complementary ko complémentaire, wannan ƙari ne kawai, kamar ƙuli-ƙuli, ba a rayuwa a kansa. Buhunan Amurka sukan ambaci ma'aunin AAFCO, na Turai kuma wasu sukan ambaci FEDIAF. A ma'aunin AAFCO, abincin babban kare bai kamata furotin ɗinsa ya gaza kashi 18 cikin ɗari ba, kitse kuma kashi 5.5, idan an cire ruwan da ke ciki. Na kwikwiyo da mai shayarwa kuwa furotin 22.5, kitse 8.5. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Saboda haka a duba a ga ko an yi shi don shekarun karenka da girmansa.

Na biyu, jerin kayan haɗi. Ana jera su ne bisa nauyi, mafi yawa a farko. Idan masara ce ta farko, dusa ta biyu, nama sai can na biyar, ka san tuwo ka saya da sunan nama. Masara da shinkafa ba laifi ba ne, kare yana narkar da su idan an dafa, amma a ga nama a sahun gaba. Sannan akwai wayon 'yan kasuwa, wanda mu ba baƙonmu ba ne: ɗanyen nama kusan kashi 70 ɗinsa ruwa ne, don haka yana iya hawa kan jeri da nauyin ruwa, bayan an busar ya koma kaɗan. Garin naman kaza da aka riga aka busar sau da yawa ya fi shi auki. Ni na fi son wanda aka faɗi sunan dabbar ƙarara, kaza ko rago ko kifi. Wanda aka rubuta nama da dangoginsa kawai, ba ka san me ke ciki ba, kuma mu da za mu ɗiba da hannunmu, mun fi son sanin abin da muke taɓawa.

Na uku, ranar lalacewa da lafiyar buhun kansa. A nan ne na gane laifin abin da na auno da olonka. Ƙwayoyin nan ana shafe su da kitse don ƙamshi, kuma kitse a zafin Akra, a buɗaɗɗen buhu, ba ya jimawa yake juyawa ya yi warin tsohon mai. Kai ba za ka ji ba, shi zai ji, don kare da hanci yake cin abinci kafin baki. Ga kuma danshi. Masara da gyaɗa in sun yi fumfuna suna fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma kare ba ya jure mata. Ashe ranar da Ƙyale-su ya sunsuna ya juya baya, shi ne mai gaskiya, ni ne wawan. Yanzu rufaffen buhu nake saya, wanda zai ƙare cikin wata ɗaya zuwa mako shida. Ina barinsa cikin ledarsa, in naɗe bakin, in saka a durom mai murfi a kan katako, nesa da rana da ɓera.

Na huɗu, lissafi, wanda shi ne namu. Kada ka tambayi nawa ne buhu, tambayi kwana nawa zai yi. A bayan kowane buhu akwai jadawalin awo bisa nauyin kare. Wanda nake saya yanzu ya ce wajen giram 400 a rana ga mai nauyin nawa, wato buhu mai kilo 15 zai kai kwana 37. Wani mai araha da na duba ya ce 550, wato kwana 27. Raba kuɗin kowanne da kwanakinsa, sai ka ga tazarar ba ta kai yadda take a baki ba. Kuma mafi tsada ba lallai shi ne mafi kyau ba. Wanda na tsaya a kansa matsakaici ne. Ka fara da ƙaramin buhu don gwaji, kuma ka zaɓi wanda ake samu kullum a garinku, don kada ka saba masa da abin da zai yanke.

Saura babban aikin, wato sa shi ya ci. Likita ta ce ba a sauya abinci rana ɗaya, ciki zai ɓaci. Kwana bakwai ake yi: kwana biyu kashi ɗaya cikin huɗu sabo, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku, sannan duka. Mun fara da shinkafa da dafaffiyar kaza ba gishiri ba magi, muna cusa ƙwayoyin a hankali. A ba shi sau biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi, don kare a tsakar zafi ba ya son ci. A zuba ɗan ruwan ɗumi a kai ƙamshi ya tashi, ko a farfasa dafaffen ƙwai a cakuɗa sosai yadda ba zai tsince ba. A ajiye kwano minti 15 zuwa 20. Bai ci ba, a ɗauke, kada a ba shi komai sai lokaci na gaba. Ruwan sha kuwa kullum yana nan. Abin da aka jiƙa ba a ajiye shi zuwa yamma, zubarwa ake yi.

A nan muka yi rigima da Baba. Rana ta farko kare bai ci ba, yana bin sa da ido. Baba ya ce, “Alhaji, wannan ai zalunci ne, dabba ba ta da baki.” Na ce, “Baba, tausayin nan ne ya kusa kai shi lahira. Ka ba ni kwana uku.” Na tara yaran mota na ce duk wanda na kama ya jefa masa cicinga, a bakin kuɗin lodinsa. Rana ta biyu da yamma ya ci rabi. Ta uku ya lashe kwano har yana tura shi da hanci. Ashe tsirfar mu muka koya masa: ya gane in ya ƙi wannan, wanda ya fi shi daɗi na tafe. Amma a kula, wannan horon na lafiyayyen babban kare ne, ba na kwikwiyo ko majinyaci ba.

Na rubuta wa Baba jerin abin da aka haramta, na liƙa a ƙofar ɗakinsa, autana ya karanta masa: albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan, dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji, da goro. E, goro, don abin da ke hana mu barci a cikinsa yana iya buga zuciyar kare. Baba ya yi dariya ya ce goronsa ko ɗansa ba ya ba wa, balle kare.

Wanda ba shi da halin buhu, ba dole ba ne. Ana iya dafa masa nasa daban: shinkafa ko tuwo, da nama ko ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya, da ɗan kabewa ko karas, ba yaji ba kayan miya. Sai dai tuwo da tsokar nama kaɗai ba su da isasshen sinadarin ƙarfafa ƙashi, don haka a nemi likitan dabbobi ya faɗi abin da za a ƙara. Ko buhu ko tukunya, alamar abinci ya karɓe shi ɗaya ce: gashi na sheƙi, kashi a dunƙule, haƙarƙari kana jin sa da hannu amma ba ka ganinsa da ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kuɗin batir biyu da buhu huɗu da na magani, da na lissafa, sun fi abincin Ƙyale-su na wata shida. Yanzu in mota ta iso ƙarfe biyun dare, direba tun daga kwana yake jin muryarsa, sai Baba ya fito ya riƙe shi kafin a buɗe ƙofa. In kana da kare a sitonka, yau in ka je, ɗaga leɓensa ka duba, sannan ka juya buhun ka karanta. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da ke ƙarƙashinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.