ZAUREN BRIKETERI: Wario Da Kwalin Da Muka Kusa Zubarwa

A watan jiya ruwan sama ya ɓata mana rufin wani tsohon ɗaki a gida, muka shiga kwashe kaya. Can ƙarƙashin gado sai ga wani kwali, a cikinsa akwai na'urar wasa ta Game Boy da kaset ɗin Wario Land. Yaran gida suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Baba, wannan waya ce ko bulo?" Muka ce masa ai a unguwar da ta samo sunanta daga masana'antar bulo, ba a raina bulo.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Wario wani ƙaton mutum ne mai tumbi da jar hula ba tasa ba, tasa rawaya ce, ga gashin baki a murɗe. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da shi a 1992 cikin Super Mario Land 2, inda ya ƙwace fadar Mario. Hiroji Kiyotake ne ya zana shi. Sunansa gamin gambiza ne na Mario da kalmar Japananci "warui", wato mugu, harafin W na hularsa kuwa M ne aka kifa. A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, aka ba shi wasan kansa. Ba ceton kowa ya fita yi ba, kuɗi yake nema. A ƙarshen wasan, gidan da zai samu ya danganta da abin da ka tara masa: mai ƙaramin ƙarfi ya ƙare a akurkin tsuntsu, mai wadata ya sami fada. Mu dai da muka tashi da tatsuniya mun gane shi nan take. Gizo ne, sai dai ba Ƙoƙi.

Masu bin diddigi sun tono abubuwa da dama a kansa. A Mario Party na 1998, ba Charles Martinet ne ya yi muryarsa ba, wani Bajamushe ne mai fassara, Thomas Spindler. Shekara da shekaru yara suna tsammanin Turanci Wario ke yi in ya faɗi, ashe Jamusanci ne. Wasan Wario na na'urar Virtual Boy, na 1995, kaɗan ne suka buga shi domin na'urar ba ta yi kasuwa ba, yau kuwa masu tara kayan tarihi nemansa suke. Haka kuma a 2020, da tsofaffin bayanan kamfanin suka fita waje, aka ga siffar Luigi da aka shirya wa Super Mario 64 amma aka ajiye ta, bayan shekara 24 ana gardama. A 2021 an sayar da kaset ɗaya na wannan wasa, wanda ba a taɓa buɗewa ba, a kan dala miliyan 1.56. A 2024 kamfanin ya buɗe gidan tarihinsa a Uji, kusa da Kyoto.

Kada wani ya ruga Kasuwar Mokolo da kwalinsa. Namu kaset ɗin ya sha hannu, kuma da yawa daga cikin waɗanda muka saya a lokacin jabu ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. A ƙasan kwalin nan, ƙarƙashin Wario, mun tarar da wasiƙu uku na ajami na kakanmu, da hoton ranar Salla wanda babu mai iya faɗin sunayen mutanen cikinsa sai gwaggonmu, ita ma ido ya fara yi mata nauyi. Saura ƙiris mu kai su bola. Mutanen Japan sun adana har zanen da suka fasa amfani da shi na wani maƙetaci na ƙarya. Mu kuwa takardun waɗanda suka kafa unguwar nan, fatake da mahauta da madinka da malamai, mun bar wa gara da danshi.

Shawararmu ita ce, kowane gida ya buɗe akwatunansa kafin damina ta gaba. A zaunar da tsofaffi, a rubuta sunaye a bayan hotuna, a nemi malami ya karanta ajamin, matasa su ɗauka a waya. Wario ma, da duk haɗamarsa, ya san ba a barin dukiya a ƙasa.

Allah ya jiƙan magabata. Sai wata mai zuwa, in muna da rabo.