Sannu ba ta hana zuwa

Mai son zuwa Gider daga Yaunde yakan shiga jirgin ƙasa da yamma. Jirgin yakan kwana yana tafiya, ya isa Ngaundare da safe. A nan layin dogo ya tsaya tun shekarar 1974. Sauran tafiya sai da mota.

Bayan an bar Ngaundare, hanya takan gangara daga kan tudun Adamawa. Da Faransanci ana kiran wurin « la falaise ». Hanyar tana lanƙwasa kamar maciji, ga dutse a gefe ɗaya, ga rami mai zurfi a ɗaya gefen.

A nan ne wasu fasinjoji sukan ce wa direba: « Malam, taka mana! » Wannan kuskure ne babba. Gaskiya ne sun gaji, kuma da sauran tafiya. Sai an ƙetare gadar Binuwai a Garwa, sannan a ƙara kilomita kusan 100 kafin Gider. Amma mota mai nauyi ba ta tsayawa nan take a gangare. Idan birki ya yi zafi, yakan daina kamawa.

Matafiyi mai hankali ba ya shiga motar da aka cika fiye da kima. Yana bin dutse da rana, yana barin direba ya gangara a hankali. Mutanen gida za su iya jira har dare, in dai nasu zai iso lafiya.