Ƙaryar "Kasuwa A Buɗe Take": Darasin Giyar Aljeriya

Na san wani zai ce mene ne ruwanmu da cinikin giyar inabi, abin da addininmu ya haramta. Gaskiya ne, ba na sha, ba na kuma yi wa kowa talla. Na ɗauko zancen ne domin in ƙaryata masu cika mana kunne kullum cewa kasuwar duniya a buɗe take, wai wanda ya fi noma kuma ya fi araha shi ke cin riba. Tarihin wannan ciniki ya isa ya rufe musu baki.

Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya afka wa gonakin Faransa, ya kusa gamawa da su. Faransawa suka tsallaka Aljeriya, wadda suka mamaye tun 1830, suka dasa inabi a filayen da suka ƙwace. Zuwa shekarun 1930 gonakin sun kai kusan hekta dubu 400. Kafin 'yancin kai a 1962, babu ƙasar da ta kai Aljeriya fitar da giyar inabi a duniya, ƙasar da yawancin mutanenta ba sa kusantar wannan abu.

To, in yawa ne ke ba da mulkin kasuwa, me ya hana Aljeriya riƙe ta? Amsar tana cikin tsarin cinikin. A ganga ake loda giyar zuwa Faransa, a gauraya ta da ta kudancin ƙasar domin ƙara mata ƙarfi da launi, a sayar ba da sunan Aljeriya ba. Mai saye guda ne, ƙofa guda ce. A 1935 kuma Faransa ta kafa dokar kare sunayen yankunanta, yadda babu mai kiran kayansa Champagne ko Bordeaux sai wanda ya noma a can. Suna ya zama dukiya, kuma an raba dukiyar ba da Aljeriya ba. Bayan 'yanci Faransa ta rage saye. Aka koma sayar wa Tarayyar Sobiyet da rahusa, daga baya gwamnatin Boumediene ta sa aka tumɓuke gonaki masu yawa. Mai ɗaki ya rufe ƙofa, baƙo ya kwana a waje.

Za a ce mini ai Kalifoniya ta doke Faransa a gasar ɗanɗano ta birnin Paris a 1976, kuma Ostireliya da Cile sun kutsa kasuwar. Haka ne. Amma da me suka shiga? Da kwalabensu, da tambarinsu, da masu sayensu a ƙasashe daban-daban. Duk da haka Turai ba ta saki igiyar suna ba. Afirka ta Kudu sai da ta amince ta daina amfani da sunayen port da sherry a yarjejeniyarta da Tarayyar Turai. Har yau Sifaniya da Italiya sun fi Faransa yawan abin da suke fitarwa, amma Faransa ce ke gaba a kuɗin shiga. Wannan gasa ce wadda ɗan wasa ɗaya ya rubuta dokokinta.

Mu ma an taɓa yi mana haka. Fatar jan akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe tana ratsa Sahara, Turawa suna kiranta fatar Maroko. Namu jima, nasu suna. Yau ma riɗi da albasa suna fita a buhu, wani can ya zuba a mazubinsa ya liƙa tambarinsa. Kamaru ta gane wannan, ta yi wa masoron Penja rajistar suna a 2013.

Saboda haka duk jami'in da ya hau mumbari ya ce wa manomi "ƙara noma, kasuwa na jira", ina da tambayoyi uku gare shi. Da sunan wa za a sayar? Masu saye nawa ne? Wace doka ce ke kare sunan? In ba shi da amsa, ya sauka, domin hanyar da Aljeriya ta bi yake nuna mana.