DAGA ƊAKIN AJI: Wa Ya Yi Aikin, Yaro Ko Ubansa?



A wannan wata zancenmu a kan gasar kimiyya ne, wadda makarantu da yawa sukan shirya. Yaro yakan komo gida da takarda, an ce ya kawo aikin gwaji nan da wata biyu. Uba yana ƙaunar ɗansa, ba ya so ya sha kunya. Sai ya tafi wurin kafinta ko mai gyaran rediyo, ya biya kuɗi a ƙera masa wani abu mai walƙiya. Ran gasa alƙali ya tambayi yaron, "Me ya sa fitilar nan take kamawa?" Yaro ya sunkuyar da kai. Kayan aro ba ya rufe katara.

Da iyaye sun san yadda ake raba maki, da ba su ɓata kuɗinsu ba. Bari mu duba babbar gasar nan ta Amurka da ake kira ISEF. An fara ta a birnin Filadelfiya a shekara ta 1950, yanzu kuwa 'yan sakandare daga ƙasashe fiye da 60 suke zuwa. Ga yadda alƙalanta suke raba maki 100 na aikin bincike:

Tambayar da yaro yake neman amsarta, maki 10.
Yadda ya tsara gwajin, maki 15.
Yadda ya yi awo, ya rubuta, ya fitar da ma'anarsa, maki 20.
Sabon tunani na kansa, maki 20.
Allon da ya manna aikinsa, maki 10.
Amsa tambayoyin alƙalai baki da baki, maki 25.

Ku lura da kyau. Adon allo 10 kaɗai yake ci, amma abin da yake cikin kan yaro ya ci 25, ya fi kowane kashi. Wannan kuwa ba a sayensa a kasuwa.

To, wane irin aiki ne yake cin maki? Ga misali. Yarinya ta ga ƙwari suna huda waken uwarta, sai ta yi tambaya, "Me ya fi tsare wake: toka, ko barkono, ko toshe iska?" Ta sami kwalabe huɗu iri ɗaya, ta cika su da wake daga buhu ɗaya. Ta fari ta gauraya da toka, ta biyu da barkono, ta uku ta toshe bakinta sarai, ta huɗu ba ta sa mata kome ba. Waɗanda ba ta toshe ba ta ɗaure bakinsu da ƙyalle. Kowane mako takan leƙa, ta rubuta kwanan wata da abin da ta gani. Bayan mako takwas ta buɗe, ta ɗebo ƙwaya 100 daga kowace kwalba, ta ƙidaya masu huji.

Kwalba ta huɗu ita ce zuciyar gwajin, gama in babu ita, da me za a gwada sauran? Wannan hikima ba sabuwa ba ce. A Littafin Daniyel sura 1, Daniyel ya roƙa a gwada shi da abokansa uku kwana goma da ganyaye da ruwa, sa'an nan a dube su tare da samarin da suke cin abincin sarki.

Idan alƙali ya tambayi yarinyar nan dalili, tana da amsa. Ƙwaron yakan saka ƙwai a jikin wake, tsutsa ta shige ciki ta ci, ta girma, ta fito ta bar huji. In an toshe, sai su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu. Dabarar ke nan ta buhun nan mai ruɓi uku na Jami'ar Purdue, wanda aka soma yaɗawa ga manoman Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu tun daga shekara ta 2007. Kuɗin aikinta duka bai kai abin da uban nan ya ba kafinta ba.

Ga kuma kaɗan daga dokokin waccan gasa, waɗanda ya kamata makarantunmu su yi koyi da su:

1. Yaro ya yi aiki shi kaɗai, ko a ƙungiyar da ba ta wuce mutum uku ba.
2. Gwajin da ya shafi mutane ko dabbobi, sai an nemi izini kafin a fara.
3. Ba a kiwon ƙwayoyin cuta a gida.
4. Wanda ya ƙaga awo, ko ya kwafi aikin wani ya ce nasa ne, an fitar da shi.

Doka ta huɗu ta fi nauyi a yau, da yake yaro yana iya ɗauko amsa daga wayar hannu cikin minti ɗaya. Ku gaya wa 'ya'yanku, in gwaji bai fito yadda suka zata ba, su rubuta abin da suka gani. Idan barkono bai hana kome ba, wannan ma sani ne, alƙali mai hankali kuwa zai ba shi maki. Yaron da ya koyi gyara lamba don ya ci kofi, gobe shi ne zai gyara lissafin baiko a ikilisiya, ko awon magani a asibiti.

Mu malamai ma muna da namu. A sanar da rabon maki tun ran da aka ba da aiki. Kada malami ya yi alƙalancin ɗan ajinsa ko ɗan'uwansa. Kowane alƙali ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a haɗa. Ɗan fasto da ɗan mai gadi, mudu ɗaya za a auna musu. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Allah yake ƙin ma'aunin zamba, takardar maki kuwa ma'auni ce.

Iyaye, ga naku rabo. Ku ba yaro kwalabe da littafin rubutu da wurin ajiya inda ƙannensa ba za su taɓa ba. Da dare bayan addu'ar iyali, ku zama alƙalansa, ku tambaye shi, "Me ka gani yau? Ƙaƙa ka sani?" Ko ba ku yi boko ba kuna iya wannan. Amma hannu kam, nasa ne zai yi aikin.

Allah ya ba mu 'ya'ya masu gaskiya. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.