Sanarwar da ba ta isa kasuwar Bonkuku ba

Duk sa'ad da aka rufe wani taro a kan al'adu ko harsunan ƙasa a Yamai, sai wani ya miƙe ya karanta sanarwar ƙarshen taro. A tafa, a sa hannu, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Takardar da Faransanci aka tsara ta, cikin lafazin da sai wanda ya yi nisa a lakwal ke ganewa, kuma har ta tsufa a cikin akwati ba za ta isa Bonkuku ba, balle wani ya karanta ta ga masu cin kasuwar da aka ce domin su aka rubuta ta. Ƙungiyoyin al'adu da malaman makaranta sun saba da wannan har sun daina jin kunyarsa. Alhali sanarwar manufa alkawari ce da ake ɗauka a bainar jama'a, kuma alkawarin da mai shi bai ji ba, wa zai bi sawunsa?

Ƙasar Hausa ta san sanarwar da ta amsa sunanta. Ranar 8 ga watan Agusta 1950, wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, tare da takardar da aka fi sani da Sanarwar Sawaba. Gajera ce, amma ta kira abu da sunansa: ta ce talauci da zaluncin da talakawa ke sha sun samo tushe daga mulkin En'e da Turawan Ingila suka tsaya wa. Abin da ya ba ta rai shi ne bakin mutane. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin sun zuba manufar a waƙa, masu lacca sun kai ta kasuwa-kasuwa, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kanta. Kalmar ta ƙetare iyaka ta zama sunan jam'iyyar Jibo Bakari, wadda ta kira mutanen Nijar su ce a'a a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958. A'a ta samu kusan kashi 22 cikin 100, aka haramta jam'iyyar a 1959, magoya bayanta suka sha kurkuku da gudun hijira. Ana iya sukar hanyar da Sawaba ta bi daga baya, amma babu mai cewa masu ita sun yi magana ne don a tafa musu.

Kurfai ma tana da nata darasi, kuma ya girmi na Kano. Wajen 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibbo ta jagoranci masu borin da ake kira Babule ko Hauka, waɗanda iskokinsu ke kwaikwayon sojoji da kumandojin Nasara. Suka ƙi haraji da aikin tilas, suka juya wa sarki Gado Namailaya baya, wasu suka fita daji suka kafa nasu zama. Kumandan Yamai ya kama su ya kulle, sai suka saka shi cikin jerin iskokin da sunan Kumandan Mugu. Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya ga abin da ya faru: mutanen da ba su riƙe alƙalami ba sun bayyana matsayinsu ta hanyar da maƙwabcinsu ya gane, mai mulki ma ya gane, shi ya sa ya tsorata.

A gwada wannan da tarin takardun da aka rubuta a kan harsunan Afirka. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya daidaita haruffan rubuta Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamashek da wasunsu. Sanarwar al'adun Afirka ta birnin Aljiyas a 1969 ta nemi a ɗaga harsunan gida, yarjejeniyar al'adu ta 1976 ta maimaita kiran. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, sannan kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Takarda kam an tara. Amma a tambayi malamin ƙauye a Dallol Bosso littattafai nawa na harshen uwa ke hannun ɗalibansa, ko yaushe aka horar da shi koyar da lissafi da Hausa. Ga kuma makarantu da dama da rashin tsaro ya rufe a jihar Tilaberi. Ruwan da bai sauka a gona ba, ko hadarinsa ya kai ina, manomi ba ya lissafa shi.

Wasu za su ce ai Aime Sezer da Faransanci ya rubuta jawabinsa a kan mulkin mallaka a 1950, kuma ya girgiza duniya. Gaskiya ne, sai dai da Faransa yake magana, ya kuwa yi mata da harshenta don ta ji zafin. Wannan hujja a kan masu kawo ta take faɗuwa, domin harshen da aka zaɓa shi ke tona wanda ake nufi. Sanarwar da aka ce ta talakan Imanan ce, aka kuma rubuta ta da harshen da bai sani ba, idonta na kan mai ba da tallafi.

Saboda haka duk ƙungiyar da ke shirin fitar da wata sabuwar sanarwa, ta auna ta da abu uku. Ta rubuta ta da farko da harshen waɗanda take nufi. A gari irin Bonkuku, inda Hausa da Zabarmanci da Tamashek ke haɗuwa, ba a ɗaga ɗaya a danne sauran. Ta faɗi aiki guda mai ƙidaya da rana: littafi kaza, aji kaza, kafin damina mai zuwa. Sannan masu sa hannu su je da kansu su karanta ta ranar kasuwa, su koma bayan shekara su faɗi abin da suka cika da abin da ya gagare su. Wanda ba zai iya tsayawa gaban mutanen Bonkuku da takardarsa ba, gara ya adana tawadarsa.